Yadda motar naɗar sauti ta Rolling Stones ta ƙare a Kanada

A birnin Calgary na ƙasar Kanada, daura da dandamalin tsohon otal ɗin King Edward, akwai wata babbar mota da ba ta ɗaukar kaya ko fasinja. Duk wanda ya taɓa sauraron "No Woman, No Cry" ta Bob Marley, wadda ake jin amon 'yan kallo a cikinta, ya saurari aikin wannan mota, domin da ita aka naɗi wasan da ya yi a zauren Lyceum na Landan a watan Yulin 1975.

Motar situdiyo ce ta tafi-da-gidanka, kuma asalinta ta ƙungiyar makaɗan rok ta Rolling Stones ce. A shekarun 1960, mawaƙin da ke son fitar da faifai dole ya bi layin situdiyo, ya biya kuɗin kowace sa'a, ya tashi idan lokacinsa ya cika. Ian Stewart ne ya kawo shawarar a ɗora ɗakin sarrafa sauti a bayan mota, a ja wayoyi zuwa duk gidan da makaɗa suka ga dama. Stewart yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, amma a 1963 manajansu ya cire shi daga sahun gaba saboda wai siffarsa ba ta dace da tauraro ba. Ya haƙura ya ci gaba da kaɗa musu fiyano yana kula da tafiye-tafiyensu. Kamfanin Helios na Dick Swettenham ya ƙera na'urar haɗa sautin, aka soma aiki a 1970 a Stargroves, gidan Mick Jagger da ke karkarar Ingila.

A wannan shekarar ce ƙungiyar ta rabu da kamfanin Decca da kuma manajanta Allen Klein, wanda haƙƙin mallakar waƙoƙinsu na shekarun 1960 ya tsaya a hannun kamfaninsa. Saboda haka motar ta wuce abin alatu: ita ce kayan aikin da babu wanda zai ƙayyade musu lokacinsa. Da suka tsere wa harajin Birtaniya zuwa kudancin Faransa a 1971, ta bi su har gidan Nellcôte, inda suka naɗi wani ɓangare mai yawa na faifan Exile on Main St. a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, cikin zafi da laimar da ke sauya muryar jita.

Ba su kaɗai suka more ta ba, don haya suke bayarwa. Led Zeppelin sun kai ta Headley Grange, wani tsohon gidan ajiye matalauta, inda aka girke gangunan John Bonham a gindin matattakala, aka rataya makirufo daga sama, aka samu rugugin da ke buɗe "When the Levee Breaks".

Labarin da ya fi shahara shi ne na Montreux a Suwizalan. Deep Purple sun isa da motar da nufin yin naɗi a gidan cacar garin, sai ranar 4 ga Disamba 1971 wani ɗan kallo ya harba bindigar tartsatsi ana tsakiyar wasan Frank Zappa, ginin ya ƙone ƙurmus. Suka koma wani zaure, maƙwabta suka kira 'yan sanda saboda ƙara. A ƙarshe suka tare a barandar cikin Grand Hotel da aka rufe don hunturu, suka toshe ta da katifu. Kafin mutum ya kai ga motar ya saurari abin da aka naɗa, sai ya ratsa ɗakuna ya haura baranda cikin sanyi, har suka gaji suka rage zuwa. Daga nan faifan Machine Head ya fito, da waƙar "Smoke on the Water" wadda ta ba da labarin gobarar ta kuma ambaci motar.

Stewart ya rasu a 1985. Bill Wyman, mai kaɗa wa ƙungiyar jitar bas, ya yi amfani da motar a 1987 wajen zagaya Birtaniya yana naɗar ƙananan makaɗan da ba su da halin shiga situdiyo. Sai dai kasuwa ta riga ta juya, na'urorin zamani sun ƙanƙance sun yi araha. A 1996 aka sayar da ita zuwa New York, a 2001 kuma gidauniyar Cantos ta Calgary, wadda daga baya ta zama Cibiyar Kiɗa ta Ƙasa, ta saye ta. Abin lura ne cewa ƙasar da ke tinƙaho da kiɗan rok ta bar wannan kaya ya tsallake teku.

Shawarar da cibiyar ta yanke ita ce ta fi wuya da tsada. Ana iya goge motar a kewaye ta da igiya 'yan yawon buɗe ido su riƙa ɗaukar hoto. Maimakon haka aka gyara na'urar Helios da injinan tef, waɗanda samun kayan gyaransu da masu iya taɓa su ke ƙara wahala kowace shekara, aka mayar da ita bakin aiki. Tun bayan buɗe ginin Studio Bell a 2016, an haɗa wayoyinta da dandamalin King Edward, kuma makaɗan da ke hawa wurin suna iya naɗar wasansu ta na'urar da ta ɗauki muryar Marley.