Tsohon Gilashi a Sabuwar Kyamara: Wa Zai Ɗauki Hoton Gobir?

A shekarar 1808 rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci birnin Alkalawa, Sarkin Gobir Yunfa kuma ya rasa ransa a wannan yaƙi. Sai a 1839, bayan shekara 31, aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a ƙasar Faransa. Ke nan babu mahaluƙin da ya taɓa ɗaukar hoton Alkalawa tana tsaye da ganuwarta da kasuwarta da fadar da Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki a cikinta. Abin da ya rage shi ne kufai a bakin Gulbin Rima, kusa da Sabon Birni, sai kuma abin da malamai suka rubuta da wanda maroƙa da tsofaffi suka riƙe a ka.

Wannan ba laifin kowa ba ne, zamani ne bai kai ba. Amma ɗauki waya yau ka nemi Sabon Birni ko Isa a intanet, ka ga irin hotunan da za su fito maka. Yawancinsu na labarin 'yan bindiga ne da 'yan gudun hijira. Ina hoton kakarka mai tsagar Gobirci a kumatu, tsagar da ba kasafai ake yi wa yaran yanzu ba? Ina na masunta a gulbi, da mata masu kai albasa kasuwa, da 'yan ajinku ranar da aka raba sakamako? A Maiduguri wata matashiya, Fati Abubakar, ta yi wa kanta irin wannan tambaya. A 2015 ta fara yawo da kyamara tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da amare, tana sawa a Instagram da sunan Bits of Borno, har manyan jaridun duniya suka nemo ta.

Kafin wani ya je ya tasa mahaifinsa gaba a sayar da akuya, bari in faɗi gaskiya: wayar da ke gidanku ta isa ka fara koyon hoto, kuma kuɗin WAEC da NECO sun fi kyamara muhimmanci. Wannan bayani na wanda ya riga ya ƙware da waya ne yana son matsawa gaba, ko ƙungiyar ɗalibai da za ta yi karo-karo ta sayi guda ɗaya. Hanya mafi araha da na sani ita ce a sayi ƙaramar kyamara marar madubi ta hannu, a ɗaura mata tsohon gilashi, wato abin da masu hoto ke kira lens, irin na zamanin fim.

Me ya sa sai marar madubi?

Masu ajin kimiyya, ku matso, darasin Fiziks ne. Kowane gilashi an ƙera shi ne ya tara haske a wata tazara takamaimiya daga bayansa. A tsohuwar kyamarar fim akwai madubi a ciki, mai karkato da hoton zuwa idon mai ɗauka, sannan ya ɗage sama idan an danna. Madubin nan yana buƙatar fili, don haka dole aka nisanta gilashi daga fim. A gilashin Nikon tazarar milimita 46.5 ce, a na Pentax da masu zaren da ake kira M42 milimita 45.46, a tsohon Minolta 43.5, a Canon FD kuwa 42.

A 2008 kamfanin Panasonic ya fito da Lumix G1, kyamarar da aka cire wa madubi gaba ɗaya. Haske yana sauka kai-tsaye kan sensa, wato faifan da ya maye gurbin fim, kai kuma kana kallo a allo. Olympus ya biyo baya a 2009, Sony a 2010, Fujifilm da Canon a 2012. Da madubi ya tafi sai tazarar ta ragu ƙwarai: milimita 18 a Sony, 17.7 a Fujifilm, 19.25 a Olympus da Panasonic.

To, yi lissafi. Gilashin M42 yana son 45.46, kyamarar Sony ta ba shi 18. Saura 27.46. Idan ka samu zoben ƙarfe mai wannan kauri, bakinsa ɗaya ya dace da gilashin, ɗayan ya dace da kyamarar, magana ta ƙare. Wannan zobe shi ne adafta. Babu gilashi a cikinsa, babu waya, babu batir, bututu ne kawai, shi ya sa yake da araha. Shi ya sa kuma abin ba ya yiwuwa idan aka juya: manyan kyamarorin Nikon masu madubi tazararsu ta fi ta M42 tsawo, kuma ana iya ƙara tazara da zobe amma ba a iya rage ta. In ka ɗaura, abin da ke kusa zai fito, na nesa kuwa ya yi dishi-dishi.

Wace za a saya?

A ganina abu na farko da ɗan Sakkwato zai duba shi ne ko kyamarar tana da maleƙa, wato ɗan ramin nan da ake kafa ido. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta saƙo a waya da tsakar rana a watan Afrilu ya san abin da nake nufi. Allon baya ba ya ganuwa cikin ranarmu, kuma da tsohon gilashi idonka ne kaɗai alƙali. Sony NEX-5N ta 2011 kyakkyawa ce kuma ƙarama, amma ba ta da maleƙa. NEX-6 ta 2012 tana da shi, haka a6000 ta 2014, haka Fujifilm X-E1, haka Olympus E-M10.

Na biyu, girman sensa, domin yana canza abin da gilashi ke gani. An ƙera tsofaffin gilasan ne don fim mai faɗin milimita 36 da tsayin 24. Sensar Sony da Fujifilm da muka ambata ta fi wannan ƙanƙanta, sai ta yanki tsakiyar hoton kawai. Ana ninka lambar gilashin da ɗaya da rabi: mai lamba 50 zai yi aiki kamar 75. A Olympus da Panasonic ninki biyu ne, 50 ta zama 100. Ga hoton fuska wannan alheri ne. Amma in kana son ka haɗa 'yan ajinku su arba'in a hoto ɗaya, sai ka yi ta ja da baya har ka faɗa kwata. Don haka ni Sony ko Fujifilm zan zaɓa. Sai dai Olympus tana da nata amfanin: sensarta tana motsi don ta rage rawar hannu, da kowane irin gilashi, muddin ka shigar mata da lambarsa. Ita a6000 ba ta da wannan.

Na uku, wuta. Waɗannan kyamarori suna shan batir saboda allonsu ba ya hutawa. Batirin a6000 hoto ɗari uku da wani abu yake ɗauka idan sabo ne, na hannu kuwa bai kai haka ba. Abin da ya sa take burge ni shi ne ana cajinta da wayar USB, ke nan fawa-banki ko ƙaramar sola ta wadatar. Nauyinta da batir giram 344, ba ta kai ledar fiya-wata ɗaya ba.

Akwai wadda zan ce a guje wa: Nikon 1. Sensarta ƙarama ce sosai, ninkin 2.7 ne, kuma ba ta jituwa da gilashin da ba nata ba.

Idan an je saye, ko a Sakkwato ko Kano, kada a biya sai an gwada. Tafi da katin memori naka. Ɗauki hoton farin bango ko sararin sama da ƙofar haske a tsuke, ka ƙara girmansa ka duba. Ɗigo-ɗigon ƙura ana iya gogewa, amma layi ko ƙarzuwa a sensa ba ta da magani. Danna kowane maɓalli. Kuma ka tafi da babba wanda ya iya ciniki.

Farautar gilashi

Nan ne daɗin yake. Kafin waya ta zo, babu garin da ba shi da mai hoto, mai zagaya biki da suna da filin Idi da kyamara a wuya. Da fim ya mutu, da yawansu sun jefa kayan a adaka. Ka nemi irin waɗannan dattawa a unguwarku. Ka gaishe su yadda ya kamata, ka ce, “Baba, an ce da kuna sana'ar hoto, ko kayan na nan?” Ko bai sayar maka ba, hirar da za ku yi ta fi gilashin daraja, kuma mai yiwuwa a ƙasan adakar akwai hotunan garinku na shekara arba'in da suka wuce.

Ba kowace tsohuwar kyamara ce ake cire wa gilashi ba. Ƙananan nan na roba da Yashica mai ido biyu gilashinsu a manne yake. Waɗanda ake nema su ne irin su Pentax K1000 da Canon AE-1, duka biyun sun fito a 1976, da Minolta da Olympus OM da Zenit ta Tarayyar Sobiyat. Zenit takan zo da gilashin Helios-44 mai lamba 58, wanda aka kwaikwaya daga Biotar na kamfanin Zeiss na Jamus. An ƙera miliyoyinsa, kuma har yau masu hoto suna nemansa saboda yadda yake murɗa bayan mutum kamar guguwa. Kowane iri da adaftarsa, don haka sai ka san sunan gilashinka kafin ka yi odar zobe.

Ka tabbata gilashin yana da zobba biyu a jikinsa: na saita kaifin hoto, da na ƙofar haske mai lambobi irin su 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Gilasan Canon EF da na Nikon masu alamar G ba su da zobe na biyu, kyamara ce ke sarrafa musu ƙofa, don haka da adaftar da bututu ce kawai ba za ka iya saita ƙofarsu ba. Sannan haska tocilan waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai. Idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, tana cin fuskar gilashi. Mu dai bushewar ƙasarmu ta taimake mu, an fi samunta a kayan da aka kawo daga kudu. Juya zoben ƙofa ka ga ganyayyakin ciki suna buɗewa suna rufewa ba maiƙo. Wasu gilasan M42 suna da ɗan tsinke a baya wanda sai an danne shi ƙofa ke tsukewa, sai ka nemi adafta mai leɓen da ke danne shi, ko ka tura ɗan makunnin gefe zuwa harafin M.

Ranar farko

Kusan kowa yakan firgita a nan. Ka ɗaura gilashi, ka danna, kyamara ta ƙi. Ba lalacewa ta yi ba. Ba ta ji wayar gilashi a jikinta ba ne, sai ta ɗauka babu komai. A cikin saitinta akwai wurin da ake ba ta izinin ɗauka ba tare da gilashi ba. Kunna shi sau ɗaya, shi ke nan.

Juya dayal zuwa harafin A. Kai za ka zaɓi ƙofar haske da hannu, ita kuma ta zaɓi saurin ɗauka. Ƙaramar lamba, kamar 2, ƙofa ce a wangale: haske da yawa, fuska ta fito, baya ya narke. Babbar lamba, kamar 8 ko 11, ƙofa ce a tsuke: gaba da baya duk su fito. Da gilashi mai lamba 50, kada saurin ya gaza ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa in a hannu kake riƙe da ita.

Saita kaifi shi ne aikin. Kyamarorin nan suna da dabara biyu. Ɗaya tana shafa launi, ja ko rawaya, a gefen duk abin da ya fito sarai. Ɗayar tana ƙara girman wurin da ka zaɓa. Ta biyun ta fi gaskiya. Ka saita a kan idon mutum, ba hancinsa ba. Makon farko rabin hotunanka za su lalace, kada ka damu. Fara da abin da ba ya motsi, tulu ko sirdi ko ƙofar zaure, kafin ka kai ga ƙanenka, sannan awaki. Mutanen da suka ɗauki hotunan da duniya ke alfahari da su daga Afirka ta Yamma, irin su Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, da J.D. 'Okhai Ojeikere da ya tara hotunan kitson matan Nijeriya kusan dubu, da hannu suka saba saitawa.

Ƙura kuwa ita ce abokiyar gaba. Tunda babu madubi, da ka cire gilashi sensa a tsirara take. Lokacin hunturu kada ka canza gilashi a waje. Shiga ɗaki, kashe kyamara, kifa bakinta ƙasa, ka yi sauri. Kada ka hura da baki, kada ka goga da bakin riga.

Saura maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Kowa ya san halin da hanyoyin Sabon Birni da Isa suke ciki. Kada ɗalibi ya ɗauki kyamara ya nufi kufan Alkalawa ko wani ƙauye shi kaɗai, ko da abokai, sai da izinin iyaye da rakiyar manya da suka san yadda hanya take a ranar. Kada a ɗauki jami'an tsaro ko shingensu. Kada a sa hoton da zai nuna gidan wani ko dukiyarsa ko garkensa a intanet. Kyamara ta zauna a jaka sai lokacin aiki, wannan ma yana cikin dalilan zaɓen ƙarama. Kuma kowa za ka ɗauka, tambaye shi tukuna, musamman mata. In an ce a'a, a'a ce.

Aikin farko ba ya buƙatar fita daga gida. Da hantsi ko bayan la'asar, zaunar da kaka a bakin ƙofar ɗaki, ta inda haske zai zo mata ta gefe, don tsagar fuskarta ta fito. Buɗe ƙofar gilashi zuwa 2.8, ka saita a kan ido. Idan kun gama, ka tambaye ta sunan garin da aka haife ta da sunan wanzamin da ya yi mata tsagar, in ta sani. Rubuta su a littafi tare da kwanan wata da lambar hoton, ka tura kwafi ɗaya wayar wani ɗan'uwa da ke wani gari.