Itatuwan Magani da Ƙwayoyin Cuta: Abin da Ya Kamata Mai Juna Biyu ta Sani

Shin gaskiya ne itatuwan gida suna kashe ƙwayoyin cuta? Wannan tambaya ce da mata kan yawaita yi a wajen awo. Amsar ita ce wasu suna yi. Idan aka daka tafarnuwa tana fitar da sinadarin alisin, mai hana ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa. Man kanumfari yana ɗauke da yujinol, wanda likitocin haƙori ke amfani da shi. Sinadari mai bauri da ke cikin bagaruwa shi ma yana danne wasu ƙwayoyin cuta. Hatta maganin zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa a asibiti, daga wani nau'in tazargade aka fara samo sinadarinsa a ƙasar Sin a 1972.

To amma akwai abin lura. Yawancin gwaje-gwajen nan a ɗakin bincike aka yi su, ba a jikin mace mai ciki ba. Kafin ganye ya zama maganin asibiti sai an tace sinadarinsa, an auna yawansa, an kuma gwada illarsa. Jiƙon gida kuwa ba shi da ma'auni, na yau ya yi ƙarfi, na gobe ya yi salam. Sannan abin da uwa ta sha yana iya kaiwa ga ɗan da ke cikinta, musamman a watanni 3 na farko, lokacin da gaɓoɓinsa ke samuwa. Misali, gwaji a kan dabbobi ya nuna man darbejiya yana iya zubar da ciki.

Babban haɗari kuma shi ne jinkiri. Ciwon mafitsara da aka tsaya yi wa jiƙe-jiƙe yana iya hawa zuwa ƙoda, har ya tayar da naƙuda kafin lokaci.

Don haka, 'yar'uwa:

1. Tafarnuwa, citta da kanumfari daidai girki ba su da laifi.
2. Kada ki yi matsi da kowane irin ganye ko gari.
3. Kada a shafa wa cibiyar jariri komai sai man kulohekzidin da aka ba ki a asibiti.
4. Idan kin ji zafin fitsari ko zazzaɓi, ko kin ga ruwa mai wari yana fita, ki zo asibiti a ranar.
5. Ki gaya mana duk abin da kike sha, ba za mu yi miki faɗa ba.

Maigida da uwar miji, a taimaka a kawo ta da wuri. Allah ya sauke ku lafiya.