Matsayin Baƙaƙe Masu Lanƙwasa a Tsarin Ƙaramin Allon Madannai Mai Ɓari Biyu

Tsarin madannai da aka fi sani da QWERTY ya samo asali ne daga keken rubutun Christopher Latham Sholes, wanda kamfanin Remington ya fara sayarwa a Amurka a 1874. Domin Ingilishi aka yi shi, don haka babu gurbin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikinsa. Su kuwa waɗannan baƙaƙe, da ukun farkonsu suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, su ke rarrabe ma'ana. Takardar da wani magatakarda a Shanono ya buga kan rikicin gona, in lanƙwasa ta faɗi, ƙara ta koma kara, ƙasa ta koma kasa, faɗa kuma ya zama fada. An yi yunƙurin magance matsalar a shekarun 1980 da samar da haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya, aikin da Bajamushen nan mai zayyana haruffa, Hermann Zapf, ya sa hannu a ciki, amma allon da ke kasuwa har yau na Ingilishi ne.

A 'yan shekarun nan wani nau'in allo ya yaɗu tsakanin masu yawan buga rubutu. An raba shi gida biyu, kowane hannu da ɓarinsa, domin wuyan hannu ya miƙe daidai da kafaɗa. Maimakon madannai 104 na allon da aka saba, Corne yana da 42, Ferris kuwa 34 kacal. Abin da ya rage ana tura shi wani hawa: idan babban yatsa ya riƙe madanni guda, sauran madannan sai su koma lambobi ko alamomi. Mai allon ne ke tsara wannan da kansa ta manhajar QMK ko ZMK, wanda ke nufin marubucin Hausa na iya yi wa harshensa ɗinki daidai jikinsa.

Tambayar farko ita ce ta wasula. Gaɓar Hausa da baƙi take farawa, wasali ya biyo, wani lokaci wani baƙin ya rufe ta. Saboda haka idan aka tara wasula biyar a hannu ɗaya, aka bai wa ɗaya hannun baƙaƙen da suka fi yawa, hannuwa za su riƙa karɓa-karɓa kamar mata biyu a bakin turmi. Wannan ita ce dabarar August Dvorak, wanda ya yi rajistar tsarinsa a 1936, kuma ta fi dacewa da Hausa fiye da Ingilishin da aka yi ta dominsa, tunda Ingilishi cike yake da cunkoson baƙaƙe. Sai dai Dvorak, kamar QWERTY, ya bar a ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu. A Hausa babu harafin da ya kama ƙafar a wajen yawa. Kalma irin matafiya ko makaranta ta isa shaida. Ɗora wannan kaya a kan yatsan da ya fi kowanne rauni kuskure ne. Ya kamata a ta koma ƙarƙashin manuni ko na tsakiya, i da u su biyo ta, e da o su matsa gefe.

Batun masu lanƙwasa ya fi sarƙaƙiya. Hausa ba ta amfani da q da v da x, p ma sai a baƙin sunaye, ga kuma baƙaƙe huɗu da ba su da mazauni, don haka musanya ita ce abin da ke fara zuwa a rai. Tana da amfani ga mai rubutun Hausa zalla, domin ƙ da ɗ suna yawan fitowa, kuma bugu ɗaya ya fi biyu. Amma malamin da ke shirya jarrabawa da Hausa da safe, da rana Ingilishi zai rubuta, don haka dole haruffan da aka kora su sami wuri a hawa na biyu. A Nijeriya ma gurbi uku ake buƙata, tunda 'y ake rubutawa inda Nijar ke sa ƴ. Gurbi na huɗu hamza ta fi cancanta da shi, ganin yadda take cikin jama'a da sana'a da 'ya'ya.

Hanya ta biyu ita ce a ware madannin lanƙwasa ƙarƙashin babban yatsa, a haɗa shi da b ko d ko k. Ta fi sauƙin haddacewa. Akwai kuma dabarar da QMK ke bayarwa ta buga madanni sau biyu a jere ya fitar da wani harafi, wadda masu Turanci ke yabawa. Ga Hausa tarko ce, saboda harshen yana ninka baƙi: babba da daddawa da Makka duk za su lalace. Haka dabarar danna madannai biyu tare, in aka ɗora ta a kan k da w, ko t da s, za ta riƙa tashi ba a kira ta ba, domin kw da ts sukan zo a jere da sauri.

Masu nazarin harshe suna da ƙarin buƙata, wato alamomin karin sauti da na tsawon wasali da r-gare, irin waɗanda ƙamusoshi ke sawa. Hawa na uku ya wadatar da su.

Akwai wani shinge da mai tsarawa kan yi karo da shi a makare. Allo ba harafi yake aika wa kwamfuta ba, lambar madanni yake aikawa, kwamfutar ce ke fassara ta bisa tsarin harshen da aka zaɓa mata. Ƙaramar ƙ tana da lambarta a Unicode, U+0199, amma hanyar shigar da irin wannan lamba ta bambanta: Linux da tata, macOS da tata, Windows kuwa yawanci sai an ɗora mata ƙarin manhaja kamar WinCompose. Wanda ya ɗauki allonsa daga Shanono zuwa shagon buga takardu a Ɗambatta na iya tarar da lambobi zube inda ya sa ran ƙ. Abin da ya fi aminci shi ne a kunna tsarin Hausa da Windows da Linux ke zuwa da shi, ko a ɗora na Keyman, sannan a sa allon ya aika madannin da wancan tsari ya ware wa kowace lanƙwasa.