Abin da ke gangarowa daga tudun kashu

Shanu ne suka fara nunawa. A ƙarshen shekarun 1970, a yankin Enmakaje na gundumar Kasaragod da ke jihar Kerala a kudancin Indiya, shanu suka riƙa haifar 'yan maruƙa masu murɗaɗɗun ƙafafu. Ƙudan zuma suka yi ƙaranci, kwaɗi suka yi tsit. Wani manomi kuma ɗan jarida, Shree Padre, ya rubuta labarin maruƙan a 1981, aka karanta aka wuce.

Daga baya abin ya shiga ɗakin masu jego. Dakta Y.S. Mohan Kumar, likita a ƙauyen Padre, ya ga ana ta kawo masa jarirai da kai a kumbure da ruwa, wasu hannu ko ƙafa a naƙashe, wasu kuma su taso da farfaɗiya, ko shekaru su yi ta tafiya ba zama ba magana. Wasu mazauna garin suka ɗauka fushin Jatadhari ne, abin bautarsu. Abin tausayi shi ne uwa ta ɗauki ciki wata tara, ta haihu, sannan ta zauna tana tuhumar kanta.

Likitan ya koma kan takardunsa yana bin gidajen ɗaya bayan ɗaya. Sai ya lura yawancinsu a jere suke a bakin rafi guda, Kodenkiri. Ashe ruwa ne. To me ke cikinsa? Ya zaci wani ma'adini ne a ƙasar wurin. A 1997 ya rubuta wa mujallar likitocin Kerala yana neman masu bincike su zo. Shiru.

Amsar kuwa tana bisa kawunansu. Tudun da ke kewaye da ƙauyukan gonakin kashu ne na kamfanin gwamnatin jihar, kuma sama da shekara 20 jirgi mai saukar ungulu ya riƙa feshe su da maganin ƙwari endosalfan, har sau uku a shekara. Gona a tudu, gidaje a kwari, ga damina mai ƙarfi: abin da aka fesa sama, rafi da rijiya zai gangaro. Wata ma'aikaciyar gona, Leelakumari Amma, ta kai ƙara kotu a 1998, ta samu umarnin dakatar da feshin a yankinta.

Saura hujjar awo. A 2001 cibiyar kimiyya da muhalli, CSE, ta birnin Delhi ta gano endosalfan a ƙasa da ruwa da jinin mutanen Padre. Cibiyar lafiyar ma'aikata ta ƙasa, NIOH, ta kwatanta 'yan makarantar yankin da na wani ƙauyen da ba a feshe ba: maganin ya fi yawa a jininsu, naƙasar haihuwa ta fi yawa, samarin kuma balagarsu na jinkiri. Dama irin wannan guba tana maƙalewa a kitsen jiki, tana ratsa mabiyiya zuwa ɗan tayi, tana fita ta nono.

Masu sarrafa maganin sun musanta, wani kwamitin gwamnatin tarayya ma ya wanke shi. Duk da haka, a Afrilun 2011 Yarjejeniyar Stockholm ta sa endosalfan cikin gubobin da za a kawar a duniya, a watan Mayu Kotun Ƙolin Indiya ta haramta shi. A 2017 kotun ta umarci Kerala ta biya kowane wanda abin ya shafa rupi 500,000.