Shin Ko Kun San? Wasiƙar da Ba Ta Isowa Damagaram

Shin ko kun san cewa tsohuwar kat-kat ɗin da ke fake a ƙofar gida a unguwar Birni ko Zango a Damagaram, mai yiwuwa kamfanin da ya ƙera ta ya yi shekara goma yana cigiyarta? A Amurka da Turai, in an gano aibin da zai iya kisa a jikin wata mota, doka ta tilasta wa kamfani ya yi mata kiranye: ya aika wa mai ita wasiƙa, ya gyara kyauta. To amma wasiƙar adireshin mai motar na can take bi. Ita kuwa motar tuni ta hau jirgin ruwa, ta sauka Lome ko Kwatano, an biya duwan, ta sha kwaltar kilomita kusan 900 daga Yamai zuwa Damagaram, da aibinta a ciki. A Amurka dokar tarayya ba ta ma hana dillalin motocin gwanjo sayar da motar da ba a yi wa gyaran kiranye ba.

Shin ko kun san yawan irin waɗannan motoci? Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa.

Shin ko kun san cewa kiranye mafi girma a tarihin mota kan jakar iska aka yi shi, wato wadda ke fitowa daga sitiyari ta tare ƙirjin direba in an yi karo? Kamfanin Takata na Japan ne ya ƙera su. Don jakar ta kumbura cikin ƙiftawar ido, sai ya zuba sinadarin amoniyam naitiret, irin wanda ake yin takin zamani da shi, cikin wani ɗan gwangwanin ƙarfe. Shekaru na tafiya, zafi da laima suna lalata sinadarin. Ran da aka yi karo, ko da 'yar gugar da ba ta kai a je asibiti ba, sai ya tashi da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse, ɓaraguzan ƙarfe su nufi wuya da fuskar direba. A Amurka kaɗai an yi kiranyen jakunkuna kusan miliyan 67, a duniya kusan miliyan 100. Hukumomin Amurka sun tabbatar da mutuwar mutum 28 da raunata fiye da 400. Takata ya karye a watan Yunin 2017.

Wani zai ce ai mu ƙasar rani ce, ina muka ga laima? Kada wannan ya kwantar wa kowa hankali. Motar ta riga ta yi rabin rayuwarta a wani wuri, wataƙila Florida ko Texas, ta kwana a teku, ta yi zaman jiran mai saye a bakin ruwa. Sannan ga bazarar Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga daminar Agusta a bayanta. Faransa ta ga haka da idonta: yawancin waɗanda jakar Takata ta kashe mata a tsibiranta masu zafi ne, irin su Gwadalup da Reyuniyon.

Sunayen ma ba baƙi ba ne a garejojinmu. A Fabrairun 2023 Honda ta ce a daina tuƙa CR-V ta 2002 da Pilot ta 2003 da ba a canza wa jaka ba. A Janairun 2024 Toyota ta faɗi haka kan RAV4 ta 2004 da 2005 da Corolla ta 2003 da 2004. Ma'anarsa a ajiye makulli, ko kai ta gareji kada a yi da kai, a jawo ta.

 A 2024 Citroën ma ta roƙi masu C3 su ajiye motocinsu saboda Takata.

Shin ko kun san cewa fitilar jakar iska tana tona asiri? In ka murza makulli, ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. In ta ƙi mutuwa, da matsala. In kuwa ba ta kama ba sam, to a yi zargin an cire ƙwan ne don ɓoye cewa motar ta taɓa yin haɗari, jakar ta fashe, aka manne murfin sitiyarin da gam.

Shin ko kun san cewa bala'in tayar Firestone a ƙasashen zafi ya fara bayyana? Motar da aka sa wa tayar Ford Explorer ce, mota mai tsayi da saurin kifewa. Bayan tayar yakan saɓule ana tsakiyar gudu, motar ta wuntsila. A 1999 Ford ta canza wa mutanen Saudiyya tayoyi shiru-shiru, ba ta sanar da hukumomin Amurka ba. Sai a Agustan 2000 aka yi kiranyen taya miliyan 6.5, kuma an danganta mutuwar mutum 271 da lamarin. A shekarar majalisar Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa kamfani ya bayyana duk kiranyen da ya yi a ƙasashen waje. Zafin kwalta da ƙarancin iska da lodi da gudu su suka haɗu, kuma duk wanda ya bi hanyar Tanut zuwa Agadas da bazara ya san huɗun nan ba sa rabuwa.

Taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. A gefenta, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Tayar gwanjo takan zo da zanenta raɗau, an shafe ta da mai tana ƙyalli, alhali ta haura shekara goma, iyakar da masu ƙera taya da kansu suka ce kada a wuce.

Shin ko kun san cewa batir na iya ƙona RAV4? A Nuwamban 2023 Toyota ta yi kiranyen kusan miliyan 1.85, ƙirar 2013 zuwa 2018. In an sa batirin da bai cika gurbinsa ba kuma ba a ɗaure shi tam ba, yana gocewa a kwana, kansa ya taɓa ƙarfen ɗauri, wuta ta tashi. Masu ɗaure batir da tsinken roba, a ji da kyau. Haka maɓallin gilashin direba: a Oktoban 2012 motocin Toyota miliyan 7.4 aka kira saboda yana cijewa, kuma fesa masa man da ba nasa ba kan sa ya narke har ya yi hayaƙi.

Tsatsa kuwa ba tamu ba ce, gadonta muke yi. A Kanada da arewacin Amurka gishiri ake watsa wa hanya don narkar da ƙanƙara, shi ke cin shasi ta ƙasa. A 2016 Toyota ta amince da sulhun da ya kai dala biliyan 3.4 kan shasin Tacoma da Tundra da Sequoia, bayan masu motocin sun kai ƙara. A 2023 Honda ta kira CR-V fiye da dubu 560, ƙirar 2007 zuwa 2011, don ƙafar baya na iya ɓallewa. Fenti ba ya nuna wannan. Sai bakanike ya kwanta ƙarƙashi da tocila da ɗan guduma.

Shin ko kun san cewa koken jama'a ne ke tayar da yawancin irin wannan bincike? Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, tana karɓar koken masu mota, ta baje shi kowa ya gani. A 2013 ta nemi Chrysler ta kira Jeep miliyan 2.7 saboda tankin mai da ke bayan gatarin baya yana kama wuta in an buga motar ta baya. Kamfanin ya fara turjewa, daga baya ya yarda da miliyan 1.56: Grand Cherokee ta 1993 zuwa 1998 da Liberty ta 2002 zuwa 2007. Gyaran da ya bayar, ƙarfen jan tirela ne a baya, kuma masu suka da yawa ba su gamsu ba. Mu a nan kokenmu a inuwar gareji yake ƙarewa, a ce "halinta ne, Alhaji," a ɗaura waya a ci gaba.

Shin ko kun san cewa da wayar hannu za a iya bincikawa kafin a ƙirga kuɗi? Tun 1981, a motocin Amurka da Turai, lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, babu I, babu O, babu Q a ciki. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, da kan takardar motar, kuma dole ukun su zo ɗaya. In motar ƙirar kasuwar Amurka ce, a shigar da lambar a shafin NHTSA ko na kamfanin, zai nuna kiranyen da ba a gyara ba, kyauta. A irin wannan mota kuma, harafi na goma shi ke faɗin shekarar ƙira: 4 ita ce 2004, A ita ce 2010, ko da dillali ya rantse cewa 'yar bara ce.