Jinin Mai Ciwon Suga Ba Ya Mantuwa

Akwai wata dabara da masu ciwon suga da yawa suka sani, ko da ba za su faɗa ba. Idan ranar ganin likita ta matso, sai mutum ya kama kansa kwana biyu ko uku: ba lemon kwalba, ba shayi mai kauri, tuwon ma loma kaɗan. Ranar asibiti a soki yatsa, na'ura ta nuna lamba mai kyau, kowa ya yi hamdala. Sai likita ya rubuta wani gwajin da ake kira HbA1c, nan kuma asiri ya tonu, domin shi wannan gwajin labarin wata biyu zuwa uku yake bayarwa.

Dalili kuwa yana cikin jajayen ƙwayoyin jini. Kowace ƙwaya tana fitowa daga ɓargo, ta yi kusan kwana 120 tana yawo kafin saifa ta kawar da ita. A cikinta akwai himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar da muke shaƙa. Sukarin da ke jini yana manne wa wannan sinadari a hankali, kuma idan ya manne ba ya saki har ƙwayar ta mutu. Wani likita ɗan Iran, Samuel Rahbar, shi ne ya lura da yawan irin wannan himogulobin a jinin masu ciwon suga a 1968. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa idan ya kai kashi 6.5 cikin 100 ana iya tabbatar da ciwon.

To amma gwajin ya ginu ne a kan zaton cewa ƙwayar jinin kowa tana cika kwanakinta, kuma a ƙasarmu wannan zato yakan ci karo da gaskiya. Mai amosanin jini, wato sikila, ƙwayoyinsa kan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, ba su daɗe har suga ya taru a kansu ba, don haka lambar za ta fito ƙasa ko da sugan yana sama. Haka duk abin da ke farfasa ƙwayoyin jini, kamar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, haka wanda ya zubar da jini ko aka yi wa ƙari kwanan nan. Ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma, wanda ya yi yawa ga mata masu haihuwa a kai a kai, yakan tura lambar sama. Ko masu AS, wato masu ɗauke da sikila a jininsu ba tare da ciwon ba, waɗanda suka kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya, wasu na'urorin gwajin kan rikice da jininsu, wasu ba sa rikicewa. Ni a ganina, ɗakin gwajin da ya karɓi kuɗin mutum bai tambaye shi rukunin jininsa na sikila ba, bai gama aikinsa ba. Akwai mafita: auna suga da safe kafin a ci komai, da bayan cin abinci, ko gwajin furuktosamin da ke duba mako biyu zuwa uku.

Shi kansa ciwon sugan yana rage jini. Ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyi, kuma suga na cin ƙoda a ɓoye shekara da shekaru. Metformin, maganin da aka fi bayarwa, idan an daɗe ana sha yana iya rage bitamin B12. Sai ka ga dattijo yana kukan kasala da jiri, 'ya'ya suna ta sayo maganin ƙarin jini a kemis, alhali ƙodar ce ke neman a duba ta.

Inda abin ya fi ban tausayi shi ne wajen fararen ƙwayoyin jini, dakarun garkuwar jiki. Mafi yawansu wani iri ne da ake kira niyutirofil, su ne ke fara isa wurin rauni. Aikinsu su sansano inda ƙwayar cuta ta shiga, su ratsa bangon jijiya su je, su haɗiye ta, su kashe. Idan suga ya daɗe a sama, kowane mataki cikin waɗannan yana yin sanyi. Abin mamaki, takardar ƙidayar jini tana iya nuna adadinsu lafiya lau, har ma ya ɗan haura. Suna nan da yawansu, aikin ne ba sa yi. Wannan ne ya sa maruru ke yawan fita, ƙaiƙayin gaba ke damun mata har su gaji da maganin sanyi, dasashi ke kumbura, ciwon mafitsara ke tafiya yana dawowa. Mutane da dama ta wannan ƙofar aka gano suna da ciwon.

Yanzu a haɗa wannan da ƙafa. Suga yana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙusa ko ƙaya bai sani ba. Yana ƙuntata hanyoyin jini, dakarun da suka riga suka raunana ba su isa wurin da wuri ba. Ga hunturu da faso a dugadugai, ga kaskon rushi da tsofaffi ke kara ƙafa a kai ba sa jin lokacin da ta ƙone, ga mai yankan farce da askarsa a bakin kasuwa. Ƙaramin tsagi ya zama gyambo. Daga nan sai a ce sammu ne ko an taka wani abu, a kai wa wanzami ya yi sakiya. Lokacin da za a isa asibiti cutar ta kai ƙashi, maganar da ta rage ita ce a ina za a yanke. Kuma gyambon mai suga ba lallai ya zo da zafi ko zazzaɓi ba, tunda ƙararrawar da za ta yi kuka ita ma ciwon ya taɓa ta.

Tarin fuka ma yana samun ƙofa. Mai ciwon suga ya ninka wanda ba shi da shi sau biyu zuwa uku wajen haɗarin kamuwa, kuma rifampicin, ɗaya daga magungunan tarin, yana rage ƙarfin wasu ƙwayoyin suga irin su glibenclamide. Mun saba a yi wa duk mai tarin fuka gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, kuma daidai ne. Sokin yatsa na suga ya fi wancan sauƙi, amma shi ake yawan tsallakewa. Indiya ta ga wani salon wannan raunin garkuwa a 2021, lokacin korona, sa'ad da wata cutar fumfuna mai cin hanci da ido ta kama dubban mutane, akasarinsu masu ciwon suga da aka bai wa magungunan da ke ƙara danne garkuwa.

Ƙwayoyin da ke daskarar da jini kuma sai su ƙara danƙo, wannan na cikin abin da ya sa shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya ke bin masu suga.

Raunin niyutirofil dai ba na dindindin ba ne. Su ƙwayoyi ne masu gajeren rai, ɓargo yana zubo sababbi kullum, kuma idan suga ya sauko aikinsu yana farfaɗowa. Abin da ya sa likitan tiyata kan ɗage aikin da ba na gaggawa ba, ya ce a je a daidaita suga tukuna, ke nan. Majinyaci yakan fita yana ƙunƙuni, a zatonsa ana ja masa rai ne.