Kwal Kafin Igwa: Abin Da Ya Ɗaure Jiragen Yaƙi Da Gaɓar Teku

Idan ana ba da labarin yadda Turawa suka mamaye tekunan duniya a ƙarni na 19, igwa da sulken ƙarfe aka fi ambata. Ba kasafai ake tuna kwal ba, baƙin gawayin nan da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, alhali shi ne yake yanke wa jirgin yaƙi iyakar inda zai kai. Jirgi mai filafilai, muddin akwai iska da ruwan sha da abinci, yana iya yin watanni bai ga tudu ba. Da injin tururi ya shigo, jirgi ya huta da jiran iska, amma ya faɗa wani sabon ƙangi: duk bayan 'yan kwanaki tilas ya nemi gaɓar da aka tara masa kwal. A ganina wannan buƙata ta fi kowane makami tasiri wajen tsara mulkin teku a wancan zamani, kuma ita ta jawo wa garuruwan bakin teku da dama mamayar da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Labarin Aden ya isa shaida. A 1830 wani jirgin tururi mai suna Hugh Lindsay ya tashi daga Bombai zuwa Suwez. An danƙara masa kwal har cikin ɗakunan kwana, duk da haka sai da ya yi ta tsayawa a hanya, kuma kwanaki da dama cikin wata guda da ɗoriya da tafiyar ta ɗauka a wajen lodin kwal suka ƙare. Kamfanin Birtaniya da ke mulkin Indiya ya gane cewa hanyar Bahar Maliya ba za ta yiwu ba sai da rumbu a tsakiya. Ya gwada tsibirin Sokotra, zazzaɓi ya kori sojojinsa. Sai a watan Janairu na 1839 Kyaftin Haines ya ƙwace Aden daga hannun Sarkin Lahej, bisa hujjar cewa an wawashe wani jirgi da ya tarwatse a gaɓar. Garin a lokacin ƙarami ne, ba shi da zinariya, ba shi da gonaki, ruwan sha ma wahala yake yi. Arzikinsa kawai tasha mai kyau a daidai inda kwal ke ƙare wa jirgi. Amurka ma haka ta yi: cikin abubuwan da hafsan sojan ruwanta Perry ya nema lokacin da ya isa Japan da jiragen yaƙi a 1853 har da wurin ɗibar kwal, kuma yarjejeniyar 1854 ta buɗe masa tashoshin Shimoda da Hakodate.

Abin da ya fifita Birtaniya a wannan fage biyu ne. Na farko, kwal ɗin kudancin Wales da ake lodawa a Kadif yana da zafin wuta da ƙarancin hayaƙi, ga jirgin yaƙi kuwa hayaƙi tonon asiri ne, domin abokin gaba yana hango shi tun daga nesa. Na biyu, ta jera tashoshi kamar yadda madugu ke sanin zango da rijiya kafin ayari ya tashi: Jibralta, Malta, Aden, Kolombo, Singafo, Hong Kong, sannan Firitawun da Kef ga mai zagaya Afirka. Warrior, jirgin ƙarfen da ta yi alfahari da shi a 1860, yana ɗaukar kwal kimanin tan 850, wanda bai wuce ya kai shi mil dubu biyu da 'yan kai ba. Mai rumbu kuwa yana da ikon hanawa. A 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka, Birtaniya ta kafa doka cewa jirgin yaƙin kowane ɓangare ba zai sami kwal a tasharta ba sai gwargwadon abin da zai kai shi tashar ƙasarsa mafi kusa, kuma ba zai sake samu ba sai bayan wata uku.

Wani zai ce an zuzuta batun, tunda jiragen farko ba su yar da filafilansu ba, injin na ranar faɗa ne ko ranar da iska ta ɗauke. Wannan gaskiya ne, amma na ɗan lokaci. Da sulke ya yi kauri, igwa ta yi nauyi, dogayen sanduna da igiyoyi suka zama kaya da haɗari. Kifewar jirgin Birtaniya mai suna Captain a 1870 da mutane kusan 500 ta nuna haka, kuma Devastation da aka saka a ruwa a 1871 ba shi da filafilai sam. Daga nan babu sauran mafaka sai kwal.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce: ai mai kuɗi yana iya hayar jiragen dakon kwal su bi rundunarsa, ba sai ya mallaki ƙasar kowa ba. Rasha ta gwada haka. A watan Oktoba na 1904 rundunar Admiral Rozhestvenski ta bar tekun Baltik zuwa yaƙi da Japan, tafiyar kimanin mil 18,000, ba tare da tashar kanta ko ɗaya a hanya ba. Birtaniya, ƙawar Japan tun 1902, ba ta buɗe mata ƙofa ba. Sai aka yi kwangila da kamfanin Jamus na Hamburg-Amerika, jiragensa suna tarbar rundunar a Dakar, da gaɓar Gabon, da Madagaska, da gaɓar Biyetnam. Saboda kwamandan bai da tabbacin lodi na gaba, sai ya sa a cusa kwal ko'ina: kan bene, cikin lunguna, har inda matuƙa ke kwana, ga zafin yankin, ga ƙura a abinci da huhu. Sun isa bayan wata bakwai a gajiye, kuma a mashigin Tsushima, ranar 27 da 28 ga Mayu 1905, Japan ta murƙushe su. Ban ce kwal kaɗai ya kayar da su ba, domin Japanawa sun fi su horo da iya harbi. Amma rundunar da ta ɓata ƙarfinta wajen dako ba ta da lokacin atisaye. Wani abin lura kuma, kaso mai yawa na kwal ɗin da Jamusawan suka kai musu daga Wales aka saye shi.

Akwai mutanen da bai kamata a tsallake su ba, wato waɗanda nauyin ya sauka a wuyansu. A yawancin tashoshin nan da kwando ake lodin kwal. Ɗan dako ya ɗora kwando a ka ko a kafaɗa, ya hau siririn katako daga kwalekwale zuwa jirgi, ya juye, ya sauko, na bayansa na biye, dare da rana har rumbun jirgi ya cika, fuska da tufa duk sun koma baƙi ƙirin. A Aden Larabawan Yaman da Somaliyawa ne ke yi, a tsibiran Sen Lusiya da Sen Tomas da kuma Nagasaki mata ne da yawa a cikinsu. A Fot Sa'id, bakin mashigin Suwez da aka buɗe a 1869, 'yan dakon kwal sun yi yajin aiki a 1882 kan batun lada. Duk lissafin saurin jirgi da manyan hafsoshi ke yi a Landan, a kan gumin waɗannan mutane yake tsaye, kuma tarihin sojan ruwa ya yi musu rowar ambato.

Zuwan man fetur bai warware ƙullin ba, ya dai matsar da shi. A lokacin Birtaniya tana da kwal a gida amma ba ta da mai, don haka da ministan sojan ruwanta Churchill ya juya manyan jiragenta zuwa mai, sai gwamnati ta sayi kashi 51 cikin ɗari na kamfanin Anglo-Persian a 1914. Daga wannan shekara rijiyoyin man Farisa suka shiga lissafin tsaron Birtaniya.